Kare na ta susa duk lokacin da yanayi ya juya: alaji ne, ƙuma ce, ko me?

Wai me ke sa kare lafiyayye, yana cin abincinsa yana wasansa, amma da zarar wani lokaci na shekara ya zagayo sai ya koma ba shi da aiki sai susa, ya yi ta lasar dagi, ya goga fuska a ƙasa, ya yi ta karkaɗa kunne har tsakar dare ya hana kowa barci? Tambayar nan duk sanda yanayi ya juya sai ta dawo bakin masu karnuka, kuma amsoshin da ake bayarwa ba sa wuce uku. Wani ya ce ƙazanta ce, a wanke shi. Wani ya ce tsutsar ciki ce. Na uku ya ce abincin ne bai karɓe shi ba, a canza masa. Sai mai kare ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bayan wata biyu ƙaiƙayin ya lafa don kansa saboda lokacinsa ya wuce, shi kuma ya ɗauka dabarar ƙarshe da ya gwada ce ta yi aiki. Baɗi war haka abu ya dawo sabo fil, wani lokacin ma ya fi na bara.

Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne, in dai alajin yanayi ne, to ba ciwo ba ne da ake yi wa allura ɗaya a rabu da shi. Zama ake yi da shi, ana lallaɓa shi. Amma kafin a kai ga nan ɗin sai an tabbatar shi ɗin ne, don akwai abubuwa uku ko huɗu da ke shigar burtu su yi kama da shi sak.

Shi alajin menene tukunna?

Garkuwar jiki aikinta ta gane maƙiyi ta far masa. Alaji shi ne lokacin da garkuwar ta rikice ta ɗauki abin da ba ruwansa a matsayin maƙiyi, kamar ƙurar da furannin bishiyoyi da ciyayi ke saki cikin iska, ko ƙwayoyin fumfuna, ko wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani masu zama cikin ƙurar ɗaki da katifa da kafet. A jikin mutum wannan rikicin yawanci hanci da ido yake tafiya, atishawa, mura, ido ya yi ja. A jikin kare kuwa fata yake sauka. Shi ya sa mutane da yawa ba sa kawo alaji a ransu, tunda ba su ga karen na atishawa ba.

Likitocin dabbobi na kiran wannan lalurar atofi, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne tana taɓa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na karnuka. Akwai gado a ciki sosai. Irin su Labrador, Golden Retriever, Boxer, German Shepherd, Shar-Pei, West Highland White Terrier da French Bulldog sun fi fama da ita, ko da yake karen da ba shi da wani sunan dangi ma tana kama shi. Galibi tana fara nunawa tsakanin wata 6 zuwa shekara 3 da haihuwa. Wannan lissafin yana da amfani fa. Karen da ya kai shekara 9 bai taɓa susa ba, rana ɗaya ya fara, gaskiya ba alajin yanayi ya kamata a fara zargi ba, a duba wani abin.

Sai bango ya tsage

Da can ana ganin garkuwar jiki ce kaɗai ke da laifi. Daga baya bincike ya nuna ita kanta fatar irin waɗannan karnukan tana da rauni tun asali. Saman fata kamar ginin bulo yake, ƙwayoyin fata su ne bulo, wani irin maiƙo kuma shi ne simintin da ya riƙe su. A jikin kare mai atofi simintin nan bai isa ba, sai ruwa ya riƙa tsiyayewa daga ciki fata ta bushe, ƙurar fure kuma ta samu hanyar kutsawa daga waje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, toh haka abin yake a nan ba ƙari ba ragi. Ma'ana yawancin abin da ke tayar masa da ƙaiƙayi ba shaƙarsa yake ba, ta fata yake shiga. Kaga dalilin da ya sa wuraren da gashi bai da yawa kuma suke gogar ƙasa da ciyawa su ne suka fi shan wahala: tsakanin yatsun dagi, ciki, hammata, matsematsi, kewayen baki da ido, da cikin kunne.

Da abin ya shiga, garkuwar jiki sai ta saki wasu sinadarai masu kai saƙo, babba daga cikinsu ana ce masa IL-31, shi ne ke taɓa jijiyar fata kai tsaye ya aika wa ƙwaƙwalwa cewa a sosa. Kare ya sosa, farce ya ƙara yaga bangon, ƙura ta ƙara shiga, ƙaiƙayi ya ƙaru, ya ƙara sosawa. Haka za a yi ta zagaye. In ka ga gashin dagin farin kare ya koma ja-ja kamar tsatsa, ba datti ba ne, miyau ne ya rina shi saboda yawan lasa, ko da kuwa ba a gabanka yake yi ba.

Inda yake sosawa ma bayani ne

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, don kowane ƙaiƙayi ido ɗaya ake kallonsa da shi.

Na farko ƙuma. Akwai karen da ƙuma za ta cije shi ya ɗan sosa ya wuce, akwai kuma wanda yawun ƙumar ne jikinsa bai jituwa da shi, cizo kaɗan ya ishe shi ya yi kwanaki yana yagar kansa. Irin wannan za ka ga ɓarnar a gadon baya wajen gindin wutsiya da bayan cinyoyi. Kuma ita ma tana bin yanayi, zafi da laima su ne lokacinta, shi ya sa take rikitar da mutane su ce alajin fure ne. Mai kare zai rantse maka bai taɓa ganin ƙuma ko ɗaya a jikinsa ba, kuma ba ƙarya yake ba, karen da kansa yake lashe su ya haɗiye. A taje shi da mataji mai ƙananan haƙora a kan farar takarda mai ɗan laima, in baƙin gari ya zubo ya narke ya koma ja, kashin ƙuma ne, jinin da ta sha ke nan. Sannan manyan ƙumar da ke jikin kare ɗan kaɗan ne cikin abin da ke gidan, kusan kashi 5 cikin ɗari, sauran duk ƙwai ne da tsutsa suna kwance a shimfiɗarsa da tsagar ƙasa, kuma mace ɗaya tana iya saka ƙwai 40 zuwa 50 a rana. Wanda ya yi wa kare magani ya bar makwancinsa, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Na biyu ƙazuwa, wadda wani mitsitsin ƙwaro mai suna Sarcoptes ke haddasawa, yana haƙa rami cikin fata. Ƙaiƙayinta ya fi kusan kowanne azaba, kuma ta fi son gefen kunne, gwiwar ƙafar gaba da ƙirji. Tana yaɗuwa tsakanin karnuka, mutanen gida ma suna iya ganin ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu ko ciki. Abin haushi da ita, ko an kankari fata an duba a na'ura sau da yawa ba a ganin ƙwaron, shi ya sa likita kan ba da maganinta kawai ya ga ko za a samu sauƙi.

Na uku abinci. Eh akwai alajin abinci, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kuma babbar alamarsa ita ce ba ya bin kalanda, rani da damina duk ɗaya ne wurinsa, wani lokaci da gudawa ko amai a tare. Abin da ya fi jawo shi furotin ne na abin da karen ya daɗe yana ci, naman sa, madara, kaza, sai alkama. Canza buhun abinci daga wannan kamfani zuwa wancan ba gwaji ba ne, tunda mai yiwuwa duk kazar ce a ciki. Gwajin gaske shi ne a sa shi kan abinci na musamman guda ɗaya tak na aƙalla sati 8, ba ɗan ƙashi ba ɗan guntun biskit daga hannun yara, sannan a dawo masa da tsohon a ga ko susar za ta dawo.

A shekarar 2010 wani likitan fatar dabbobi mai suna Claude Favrot da abokan aikinsa suka fitar da wasu alamomi 8 da ake auna atofi da su, kuma biyu daga ciki na abin da bai kamu ba ne: gefen kunne lafiya lau, gadon baya lafiya lau. Wato in waɗannan wuraren biyu ne suka lalace, hankali ya koma kan ƙazuwa da ƙuma. Babu wani gwajin jini guda da zai ce maka wannan atofi ne. Ana gane shi ne bayan an kawar da sauran.

To me ya sa sai wani lokaci na shekara?

Ka ɗauki jikin kare kamar bokiti. Ƙurar ɗaki ta zuba nata, bushewar fata ta zuba nata, ƙuma biyu-uku sun zuba nasu, duk da haka bokitin bai cika ba, kare na zaune lafiya. Sai ciyawa ta yi fure ta ƙara nata, ruwa ya malalo, susa ta tashi. Mai kare sai ya ɗora wa furen laifi duka, alhali shi dai cikon ƙarshe ne. Ni a ganina wannan ne abin da ya fi komai muhimmanci a fahimta a duk zancen nan, don ba wanda zai iya hana bishiya yin fure, amma ana iya kwashe ƙuma da ƙura da bushewar fata daga bokitin, in furen ya zo ya tarar da sauran wuri.

Lokacin ya danganta da inda ake zaune. A ƙasashe masu sanyi bishiyoyi ne ke farawa da zarar sanyi ya wuce, ciyawa ta karɓa a tsakiyar zafi, wasu haki kuma su rufe wajen kaka. A ƙasashe masu zafi ruwan sama da laima ke tayar da ciyawa da fumfuna da ƙuma gaba ɗaya, busasshiyar iska mai ƙura kuma ta zo da nata salon. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya gano cewa a Arewacin Amurka, tsakanin 1990 da 2018, lokacin ƙurar fure ya riƙa farawa da wuri da kusan kwana 20, yawanta kuma ya ƙaru da kusan kashi 21 cikin ɗari, kuma ɗumamar yanayi na da hannu a ciki. Sannan wani abu mara daɗi, karnuka da yawa da suka fara da wata biyu a shekara, suna girma abin na faɗaɗa har ya koma kusan duk shekara.

Wari da ciwon kunne

Fatar kowane kare akwai bakteriya da wani irin yis da ke zaune a kai lafiya ba sa cutar da kowa. Da fata ta kumbura ta yi laima sai su samu sake su hayayyafa. Bakteriyar, wadda galibi Staphylococcus ce, tana kawo ƙuraje masu mugunya da ɓawo da zubewar gashi zagaye-zagaye. Yis ɗin, Malassezia, shi ne mai sa fata maiƙo da wannan tsamin warin da wanka ba ya fitarwa, a hankali fatar ta yi baƙi ta yi kauri kamar ta giwa. Su kansu ƙaiƙayi suke ƙarawa, don haka sau da yawa in aka ce magani ya daina aiki, ba maganin ba ne, cuta ce ta hau kan alajin ba a lura ba.

Kunne ma haka. Karen da duk shekara sai an kai shi asibiti sau biyu sau uku kan ciwon kunne, a ɗiga magani ya warke ya dawo, akwai alamar alaji ne a ƙarƙashi, kunnen dai shi ne inda hayaƙin ke fita. Akwai kuma wani miki mai ruwa da kan ɓullo cikin 'yan awanni inda kare ya dage da lasa ko cizo, da safe ba komai da yamma ya kai faɗin tafin hannu. Wannan ba ya jira, a aske gashin wurin, a wanke, a sa masa abin wuyan nan mai kama da mazurari, a kai shi likita.

Abin da mai kare zai iya yi da hannunsa

Maganin ƙuma ba fashi, ko an gani ko ba a gani ba, kuma ga duk kare da kyanwar da ke gidan. Ƙwayoyin da ake taunawa irin su NexGard da Simparica wata-wata ake ba da su, Bravecto kuma sati 12, kuma suna kashe ƙwaron ƙazuwa ma, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Sai dai FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta yi gargaɗi a 2018 cewa wannan rukunin na iya jawo karkarwa ko farfaɗiya ga wasu karnuka, don haka in karenka ya taɓa yin farfaɗiya ka gaya wa likita. In kuma akwai kyanwa a gida a yi hattara da maganin ƙuma na kare mai sinadarin permethrin, yana iya kashe ta.

Wanka. Mutane sun rabu biyu a nan, wasu na cewa yawan wanka na busar da fata, kuma suna da gaskiya in da sabulun mutane ko omo ake yi da ruwan zafi. Amma wanka sau ɗaya a sati da shamfu mai laushi na karnuka da ruwa mai ɗan sanyi-sanyi yana wanke ƙurar da ta manne, kuma yana rage ƙaiƙayi. In shamfu mai magani ne kamar mai chlorhexidine, sai an bar kumfar ta yi kamar minti 10 a jiki kafin a ɗauraye, wanda ya shafa ya wanke nan take kuɗinsa kawai ya zubar. Duk dawowa daga yawo a goge dagi da ciki da jiƙaƙƙen tsumma, a busar da tsakanin yatsu. Shimfiɗarsa a wanke ta da ruwan zafi duk sati. Man kifi mai omega-3 yana ɗan taimakawa, amma sai an yi wata 2 zuwa 3 kafin a ga wani abu, kuma shi kaɗai ba zai riƙe babban ƙaiƙayi ba.

Rigimar magunguna

Wanda kowa ke fara ɗaukowa shi ne maganin alajin mutane, Piriton ko cetirizine da makamantansu. Gaskiyar magana ba su cika yin wani abin kirki wa ƙaiƙayin kare ba, saboda histamine, sinadarin da waɗannan magungunan ke tarewa, ba shi ne babban mai laifi a fatarsa ba. Sau da yawa barci kawai suke sa shi, mai shi ya zaci sauƙi ne. Kuma akwai haɗari, wasu an haɗa su da pseudoephedrine na toshewar hanci, wasu na ruwa kuma akwai zaƙin xylitol a ciki, duka biyun guba ne ga kare.

Sai sitiroid, irin prednisolone. Yana aiki kamar yankan wuƙa, kwana ɗaya biyu susa ta tsaya, kuma ba shi da tsada. Masu tsoronsa suna da hujja: yawan shan ruwa, yawan fitsari, cin abinci kamar gara, in aka daɗe kuma fata ta yi siriri, ciki ya fito, cututtuka su samu ƙofa. Amma ni ban yarda da masu ƙinsa kwata-kwata ba. Karen da alajinsa sati uku ne a shekara, ɗan gajeren zango a ƙarƙashin kulawar likita ba laifi ba ne. Matsalar ita ce mai maimaita allurarsa duk wata ba tare da an duba komai ba, da kuma mai tsayar da shi kwatsam bayan an daɗe ana sha, dole sai an riƙa ragewa a hankali.

Sababbin su ne suka canza lissafi. Apoquel na kamfanin Zoetis, wanda aka amince da shi a Amurka a 2013, ƙwaya ce da ke datse saƙon ƙaiƙayi a cikin jiki, tana fara aiki cikin 'yan awanni, amma ba a ba wa karen da bai kai wata 12 ba, kuma tunda tana taɓa garkuwar jiki ana sa ido kan mai wata babbar cuta ko tarihin ciwon daji. Cytopoint, da ya samu cikakken lasisi a 2016, allura ce da ke kama IL-31 ɗin nan da muka ambata ta hana shi isa jijiya, tana riƙewa sati 4 zuwa 8. A 2024 kuma kamfanin Elanco ya fito da Zenrelia, ɗan uwan Apoquel, wanda ya zo da gargaɗi na musamman kan haɗa shi da lokacin allurar rigakafi. Akwai kuma ciclosporin, tsoho ne, yana aiki amma sai ya ɗauki sati 4 zuwa 6, farkonsa kuma yakan sa amai. Duk cikinsu babu mai warkarwa, danne ƙaiƙayin kawai suke yi. Ranar da aka daina, in lokacin furen bai wuce ba, susa za ta dawo.

Hanya ɗaya da ke ƙoƙarin gyara tushen ita ce a gwada fata ko jini a gano ainihin abubuwan da jikin ke faɗa da su, sannan a riƙa ba shi su kaɗan-kaɗan ta allura ko ɗigo a ƙarƙashin harshe har garkuwar ta saba. Kusan biyu cikin uku na karnuka suna samun sauƙi, amma sai an yi haƙurin kusan shekara kafin a yanke hukunci. Gwajin gashi ko miyau da ake tallatawa a intanet kuwa, ka aika ta gidan waya a turo maka jerin abubuwa hamsin, an gwada su an ga ba abin dogaro ba ne.

Abubuwan da ba a wasa da su

Ibuprofen da paracetamol ba a ba wa kare da ka, na farkon yana huda ciki ya lalata ƙoda, na biyun hanta yake taɓawa. Man tea tree, wani man itace da mutane ke shafa wa fata, zallansa guba ne. Baƙin man inji da wasu ke shafa wa kare mai ƙazuwa ƙona fata yake, ga shi zai lashe ya haɗiye. Ivermectin na shanu da ake ɗiba a yi wa kare da ƙiyasin ido, akwai karnuka irin su Collie da ke da wani canjin ƙwayar halitta da ake kira MDR1, wanda aka gano a 2001, su maganin har ƙwaƙwalwa yake shiga ya iya kashe su. In kuma fuska ta kumbura farat ɗaya, ko borin jini ya taso ko'ina, ko numfashi ya fara wahala bayan harbin zuma ko allura, wannan ba alajin yanayi ba ne, na gaggawa ne, a ruga asibiti.

Ga wanda karensa ya riga ya yi shekara biyu yana maimaita abu ɗaya, ya ɗauki kalanda ya rubuta satin da lasar dagi ta fara bana da satin da ta lafa, kullum ya ba ƙaiƙayin maki daga 0 zuwa 10, ya ɗauki hoton ciki da dagi da kunne. Ba a fafe gora ranar tafiya, baɗi saura sati biyu ko uku lokacin ya yi sai a fara wankan mako-mako da goge ƙafa, a tabbatar maganin ƙuma bai tsallake ba, a je wurin likita da takardar nan tun fatar ba ta fashe ba, shi kuma ya zaɓi wanda za a riƙe shi da shi cikin waɗancan magungunan.